Garmar Kawu da mutanen Ayilan

Talata, bayan isha'i.

Da sassafe na raka Kawu zuwa Kura, saboda taraktarsa ta ƙi ɗaga garma, ga damina ta kawo jiki. Bakaniken da ya duba ta dattijo ne. Ya durƙusa a bayan motar, ya shafo wani tiyo da yatsa, ya nuna mana mai yana naso.

"Alhaji, injinka lafiya lau. Man haidirolik ne ke zurarewa."

Yana cikin kwance noti ya nuna mini ƙarafa ukun da ke riƙe garmar, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Ya ce, "Yaro, mai wannan dabara sunansa ne a jikin motar nan." Tun ina ƙarami nake ganin Massey Ferguson a gonaki, sai yau na zauna a gindin darbejiya na bi sunan a waya.

Harry Ferguson ɗan manomi ne daga arewacin tsibirin Ayilan. Kafin shi, jan garma tarakta take yi kawai, idan garmar ta ci karo da dutse ko saiwa sai gaban motar ya tashi, wani lokaci ta kife kan direba. Shi ne ya haɗe garmar da jikin motar ta ƙarafan nan uku, ta yadda nauyin ƙasar da ake kaftowa zai danne tayoyin baya, direba kuma ya ɗaga ko ya sauke da hannu ɗaya. A 1938 suka ƙulla ciniki da Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, da musafaha kawai, ba takarda. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da taraktocinsa Edmund Hillary, shahararren mai hawan duwatsu, ya ratsa ƙanƙara har ƙarshen kudancin duniya a Janairun 1958. Na gaya wa Kawu, ya ce to ai tasa ba ta da hujjar gajiya a fadamar Kura.

A hanyar dawowa na ci gaba da tono labarin mutanen Ayilan. Fadar White House ta Amurka, James Hoban ɗan Kilkenny ta Ayilan ne ya zana ta a 1792. Jirgin yaƙi mai nutso da sojan ruwan Amurka suka fara saya a 1900, aikin John Holland ne, malamin makaranta daga Ayilan. Can Kenya kuwa, Colm O'Connell, shi ma ɗan Ayilan, ya je garin Iten a 1976 don koyar da labarin ƙasa, ya ƙare da horar da 'yan tsere, har da David Rudisha da ya kafa tarihi a mita 800 a Landan a 2012.

Amma raina ya sosu da na ga abin da ya watsa da yawansu duniya. Daga 1845 cuta ta cinye dankalinsu, yunwa ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka tsallaka teku, alhali ana ta fitar da abinci daga ƙasar zuwa Ingila. Wanda ya ji labarin fari daga bakin kakanni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da muna cin tuwo nake ba Yaya labari, sai ta ajiye cokalin miya ta ce, "Kai, sai yau ka sani? Makarantarmu ta St Louis a Bompai ai sistocin Ayilan ne suka kafa ta." Na duba, a 1948 suka iso Kano. Ta ce gobe za ta nemo mini hoton ajinsu.