Awa biyun da ba a cin riba a cikinsu

Duk wanda zai buɗe gidan abincin dare a Akra, lissafin da zai fara yi masa gardama shi ne na tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu. Gas na ci, fitilu na kunne, ma'aikata na ta hamma, wani lokaci a yi rabin awa ba wanda ya yi sallama. Na yi aikin dare a shagon yayar mahaifiyata, a bakin babban titin Nima, ni ke karɓar kuɗi da rubuta ciniki, don haka na san yadda shafin waɗannan awoyi yake zama fayau. Duk da haka Hajiya, mai shagon, ba ta taɓa yarda a ja ƙofa ba.

"Ɗana," in ji ta, "direban da ya zo sau ɗaya ya tarar da kwado a ƙofa ba zai sake karyo kan motarsa nan ba. Ba na ƙarfe uku kaɗai ka rasa ba, har da na ƙarfe goma."

Mai jin yunwa da rana yana da zaɓi, in nan a rufe yake sai ya taka gaba kaɗan. Na dare kuwa ba ya son kame-kame. Tun yana Circle, babbar mahadar motocin Akra, ko unguwar Osu ya riga ya yanke inda za shi, kuma wurin da ya tabbata zai samu a buɗe yake nufa, ko da akwai wanda ya fi shi daɗin miya. Wannan tabbacin Hajiya take saye da asarar awa biyun nan, kuma a ganina da araha take sayensa.

Daren ma ba guda ɗaya ba ne. Bayan sallar isha'i 'yan unguwa ne, masu tuwon zafi da miyar ayoyo, masu aiko yara da kwano. Daga sha ɗaya zuwa ɗaya sai masu dawowa daga yawon Osu, su Indomie da ƙwai suke so, da tsire, da yaji mai yawa, ga su da surutu amma ba sa ƙyashin biya. Bayansu masu aiki ne: direbobin tasi da na Bolt da Uber, masu gadi, ma'aikatan jinya, da fasinjan da motar Kumasi ta sauke a Circle cikin dare. Waɗannan ba su cika magana ba, shayi mai kauri da burodi, su ci su tashi. Huɗu na yi, ga mata masu sammakon kasuwar Agbogbloshie, ga direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, da yaransu, sai kuma a sallame asuba layin koko da ƙosai ya miƙe.

To a nan ne abin da littafin cinikina ba ya nunawa. Lokacin da gaban shago ya mutu, bayansa ne yake da rai. A awoyin nan ake ɗora tukunyar waakye, wake ya fara tafasa da karan dafi da ɗan kanwa har ruwan ya yi ja, sannan a zuba shinkafa. A lokacin ake tace ƙullun gero na koko, a buga na ƙosai har hannu ya yi tsami, a soya kifi, a dafa ƙwai da taliya. Tunda dole wuta ta kasance a kunne, mutane kuma a farke, rufe ƙofa ba zai rage wani abin kirki ba. Da azumi kuwa sai lamarin ya juye, awoyin da muke kira matattu su ne kasuwa, saboda masu sahur.

Doka ɗaya ce Hajiya ba ta sassautawa: sha biyu na wucewa ba a sayar da shinkafar da ta huce. Ko tana kan wuta da zafinta, ko babu. Shinkafar da aka bari ɗumi-ɗumi cikin kula na tsawon awoyi ita ce ke ɓata ciki, alhali ba ta canza wari ba balle a gane. Shi ya sa abincin tsakar dare kusan duk wanda ake yi a gaban mai saye ne. Kwalarar da ta addabi Akra a 2014 ba ta fita daga ranta ba, kuma ba ta ɗaukar ma'aikaci sai ya yi gwajin lafiyar da hukumar birni ke nema daga masu sayar da abinci.

Sai kuɗi. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ya rage mana wahalar canji da fargabar ajiye tsaba, amma na koyi kada in yarda da saƙon da wani ya nuna mini a wayarsa sai na gani a tawa. Da aka kawo harajin tura kuɗi ta waya a watan Mayun 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, mutane suka tsorata suka koma takardar kuɗi, duk da cewa sidi 100 na farko a kowace rana ba a cire masa komai. Nan da nan durowa ta sake cika, wanda da rana abin murna ne, da dare kuwa abin dubawa. Sai ya zama ba ma bari kuɗi su taru a gaba, kowane ɗan lokaci a kwashe a kai ciki. An soke harajin a 2025.

A shekarar ce kuma Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin tattalin arzikin awa 24, wato a riƙa aiki da kasuwanci dare da rana. Ina maraba da shi, sai dai zango, wato unguwanni irin su Nima, ya daɗe da sanin aikin dare, kuma abin da ke hana shi faɗaɗa ba ƙarancin masu son yi ba ne. Fitilar titi ce, da tsaro, da motar komawa gida. Yarinyar da ta tashi aiki ƙarfe uku tana zaune a unguwar Madina ba ta da trotro, kuɗin tasi kuwa zai iya lashe rabin abin da ta samu a daren. Saboda haka Hajiya ta tsara aikin bisa lokacin motoci: masu yamma su tashi kafin trotro ya ɗauke, masu dare kuma ba mai fita sai gari ya fara wayewa. Akwai benci da tabarma a baya, ana kwanciya bi da bi, kuma ba ta barin mutum ɗaya ya jera darare da yawa a bakin kaskon mai, don mai gyangyaɗi shi ke ƙonewa. Wannan tsari yana cin albashin ƙarin mutum guda, kuma shi ne abin da masu zuwa neman shawararta suka fi ƙin ji.