Kafin ka yi wa salularka root, ji abin da ya same ni

Ƙannena na Birni da Zango da kullum kuke tare ni wai in yi muku root, ku tsaya ku ji yadda tawa ta kaya tukuna.

Wata Tecno gare ni, jaka arba'in da biyar na tara na saye ta, memwar giga 16 kuma aplikasiyon ɗin da ta zo da su sun cinye wuri, ba sa goguwa. Root shi ne ka samu ikon shiga can cikin tsarin Android inda kamfani ya kulle. Gaskiya akwai daɗi, kana cire tarkacen nan, ka toshe tallace-tallace, batir ma ya ɗan ƙara jimawa. Abin da ya ja ni kenan.

Kuskurena na farko ban san buɗe bootloader, wato cire makullin kamfani da ake fara yi kafin root, yana share komi da ke cikin waya ba. Waya ma sai da ta yi mini gargaɗi, ban karanta ba na danna. Hotunan bikin yayata, da wata murya da kakata ta turo mini ta WhatsApp tana sa mini albarka wata biyu kafin rasuwarta, duk suka tafi. Ban ajiye ko ɗaya a kart memwar ba.

Da na zo sa Magisk kuma, aplikasiyon ɗin da ake yin root da shi, na ɗauko fayil ɗin wani model daban, waya ta tsaya kan tambarinta tana mutuwa tana kunnuwa har asuba, ni ko ina zaune kan tabarma a zaure gumi na zuba. Maimakon in haƙura sai na ari kwamfutar abokina na buɗe SP Flash Tool, abin da ake sake ɗora wa waya tsarinta da shi, na zaɓi Format All. Don Allah kar wanda ya taɓa wannan wurin! A wayoyi masu injin kamfanin MediaTek irin tawa yana goge ɓangaren da lambar IMEI take, wato lambar shaidar waya da reso ke gane ta da ita, waya ta kunnu lafiya amma sim biyu ba reso ko ɗigo. Kwana uku tana wajen mai gyara a kasuwar Dole, jaka biyar ya karɓa, ya ce mini "yaro, Allah ya so ka kwalinta na nan," don IMEI na rubuce a jikin kwalin.

Ko root ya yi daidai ma, aplikasiyon na banki da yawa suna ganewa su ƙi buɗewa, sabuntawar kamfani ta daina hawa yadda ta saba, garanti kuma sai dai haƙuri. Mai Samsung ya fi kowa shiga uku, don Knox, tsaron da Samsung ke sa wa wayoyinsa, in ya tsinke ba ya komawa ko ka cire root ɗin.

Wanda ya matsu sai ya koya, ya nemi tsohuwar waya wadda ba sim ɗinsa ciki, ya kwashe komi tukuna, ya duba lambar model harafi-harafi, ya buga *#06# ya rubuta IMEI a takarda. Wadda Inna ke kiranka da ita in ka yi dare kuwa, ni dai ba zan sa mata hannu ba ko kun kawo mini har gida.