Turancin maigidana ɗan Sin

Shekara 2 ke nan ina tuƙa wani ɗan ƙasar Sin mai shagon takalma a China Town ta Ojota, nan Legas. Kullum da safe, muna maƙale a cunkoson titin Ikorodu, yana kujerar baya yana bitar kalmomin Turanci goma a wayarsa. Ni kuwa, da ɗan Turancin sakandarena na Gusau, na zama malami ba albashi.

Ba abin da ke wahalar da shi kamar "he" da "she". Ran nan yana ba ni labarin matarsa, "he" yake ta cewa, har na zaci ƙaninsa yake nufi. Ashe a harshensu na Mandarin, namiji da mace duk "ta" ne a baki, sai a rubuce ake bambanta su. Na ce, "Oga, mu a wurinmu ai 'ta' ta mace ce kaɗai." Ya yi dariya har da dukan kujera.

Ranar Asabar na kai shi kasuwar Mil 12 ya gwada karatunsa. Ya tsaya gaban wani dattijo mai albasa, ya jero "onion" da "how much" tsaf, yana murmushi. Dattijon ya dube shi, ya dube ni.

"Ɗana, me baƙon nan yake cewa?"

Baba ɗan Sakkwato ne, buroka ma kaɗan yake taɓawa. Ni na yi cinikin. Muna komawa mota Oga ya zaro ɗan littafinsa, ya sa na maimaita masa "albasa" da "rage mini" sau uku, ya rubuta su a ƙarƙashin "onion".