Tavla a Aksaray: Kowane Teburi da Dokarsa

Aikin kago nake yi a Laleli, ɗaure kayan 'yan kasuwa ana aikawa Afirka, kwana kuma a Aksaray, duka unguwanni ne a Istanbul. Watannin farko da na iso Istanbul, daga aiki sai ɗaki. Turkancina bai wuce gaisuwa da ƙirgen kuɗi ba. Amma a ƙasan benen da nake haya akwai gidan shayi, kuma daga la'asar ba abin da ke tashi a ciki sai ƙarar katako, dattawa na buga tavla, wasan da Turawa ke kira bakgamon. Mai gidan shayin ne ya gaji da ganina ina wucewa, ya jawo kujera ya ce, "Zauna, ɗan'uwa, kallo kyauta ne."

Tushen wasan ɗaya ne ko'ina. Mutum biyu, kowa da 'ya'ya 15, allo mai gurbi 24, da zar guda biyu da ake jefawa, wato ƙwayoyin nan masu ɗigo ɗaya zuwa shida irin na ludo. Ka kewayo da 'ya'yanka gida, ka riga abokin karawarka kwashe su. Wannan na koya a waya cikin dare, bisa dokar gasar duniya. Teburin dattawan nan kuwa bai san da wata dokar duniya ba.

Tun daga jifar farko ake rabuwa. A waya, kowa ya jefa zar ɗaya, wanda nasa ya fi sai ya taka da lambobin biyu da suka fito. A nan wanda ya fi ɗauke zar biyun yake yi ya sake jefawa, sannan wanda ya ci wasa shi ke buɗe na gaba. Zar ɗin nan na musamman mai lambobi 2 zuwa 64 da ake ninka maki da shi, wanda ya ɓulla a birnin New York a shekarun 1920, da na nuna wa wani tsohon tela hotonsa dariya ya yi, ya ce wannan kayan 'yan caca ne. Su zuwa maki biyar suke yi. Ci na yau da kullum maki ɗaya, mars kuma biyu, wato ka kwashe duk 'ya'yanka abokinka bai fitar da ko ɗaya ba. Maki ukun da dokar duniya ke bayarwa idan har ɗansa na maƙale a gidanka, yawancin teburan ba sa lissafa shi.

Dokar da ta fi jawo rigima ita ce ta "buga ka gudu". A cikin gurbi shida na gidanka, idan ka buge ɗan abokinka da ke zaune shi kaɗai, wato ka sauka a kansa ka mayar da shi farko, ba ka da ikon ɗauke wannan ɗan naka da lamba ta biyu ka ɓoye shi inda ba za a taɓa shi ba. Ko dai ka rufa masa baya da wani ɗan, ko ka bar shi a fili ya jira ramuwa. Ni dokar nan ta burge ni, don tana hana tsoro: in ka kai hannu, ka tsaya. Matasan da suka tashi da wasan a intanet ba sa son ta, kuma nan ne murya ke tashi. "Amja (wato baffa), a waya ana yi!" Tela sai ya ce, "To je ka buga da wayar."

Akwai kuma ƙananan sharuɗɗa da sai an zauna ake yanke su: ɗan da ka taɓa dole ka taka shi ko kuwa, zar da ya hau kan ɗa ya karkace a sake ko a bari. Wanda aka zarga da iya riƙe zar a yatsu, sai a miƙo masa ƙaramin kofi ya jefa daga ciki, kuma ba ƙaramin cin fuska ba ne.

Siriyawan da suka cika Aksaray bayan yaƙin da ya ɓarke a 2011 sun zo da nasu. A kan allo guda suna buga mahbusa, wanda Turkawa ke kira hapis: duk 'ya'ya 15 a gurbi ɗaya suke farawa, ba a buge ɗa, danne shi ake yi ya kasa motsi har sai na sama ya tashi. Wasa ne mai jan lokaci, Turkawan teburinmu suna cewa barci yake sa su.

Na san wani zai tuna min da hadisin da ke cikin Sahih Muslim a kan nard, tsohon sunan irin wannan wasa. Na san shi, malamai da yawa sun hana wasan a kansa, kuma a Turkiyya ma akwai waɗanda ba sa kusantar allon. Shi ya sa kujerata ta kallo ce da riƙe lissafi. Ba a sa kuɗi a teburinmu. Wanda aka ci shi ke biyan shayi, sannan a naɗe allon a cusa masa a hammata a ce ya je ya koyo ya dawo.

Riƙe lissafin nan ne ya buɗe min baki. Lambobin zar da gaurayen Farisanci da Turkanci ake kiransu, shesh-besh, dushesh, hep yek, kuma su na fara furtawa ba tare da kunya ba. Da yake ba ni da ɓangare, idan gardama ta kaure ni ake juyowa a tambaya me aka yanke da farko. Ta wannan teburin na samu ɗakin da nake ciki yanzu, wani Basiriye ne ya haɗa ni da mai gidan. Tela dai har yau bai yarda da hukuncina ba idan bai zo masa daidai ba, yana cewa waya ce ta lalata ni.