Ciwon tsauni ba ya duba ƙarfin mutum

Abin da na fi so masu shirin hawa manyan duwatsu su gane shi ne, ciwon tsauni babu ruwansa da cewa kai gwanin motsa jiki ne ko kullum da asuba kana gudu. Sau da yawa ma matasa majiya ƙarfi ne ke fara kwanciya saboda su ne masu rige-rige, wanda ke jan ƙafa a baya a hankali sai ka ga ya isa lafiya lau.

Daga wajen mita 2,500 abin ke farawa. Iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin ɗari kamar ko'ina, matsin iskar ne ke raguwa, to duk numfashin da ka ja sai ya shigo da ɗan kaɗan, kafin ka kai mita 5,500 kusan rabin abin da ake samu a bakin teku kake shaƙa. Jiki na sabawa amma fa sai an ba shi kwanaki. Shi ya sa da an wuce mita 3,000 ake cewa kar wurin kwananka na yau ya fi na jiya tsayi da sama da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a tsaya a huta yini guda. Masu zuwa sansanin gindin Everest a Nepal kwana biyu suke yi a garin Namche da ke kan hanya, mai tsayin mita 3,440, su ɗan hau sama da rana su dawo ƙasa su kwana. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa mita 5,895 ne, kuma ni dai ba zan ba kowa shawarar hanyar kwana biyar ba alhali ga ta kwana bakwai ko takwas, ƙarin kuɗin bai kai wahalar ba wallahi.

Alamar farko ciwon kai ne, galibi awa 6 zuwa 12 bayan isa, sai tashin zuciya, jiri, kasala, abinci ya fita daga ranka, barci ya gagara. In ka ji haka kar ka ƙara ko taku ɗaya sama, ka zauna nan, ka sha ruwa daidai misali, ka sha paracetamol, ka guji maganin barci da giya. Kuma don Allah ka faɗa wa jagora, ɓoyewar nan don kar a ce ka gaza ita ta fi ba ni tsoro.

Akwai Diamox, maganin rigakafin ciwon tsauni, ana fara sha kwana ɗaya kafin hawa, yawanci miligiram 125 safe da yamma, amma likita ne zai rubuta maka. Za ka ji yatsu da leɓe suna tsira-tsira kamar ana tsikarinka da allura, ga yawan fitsari cikin sanyin dare, wannan ba abin damuwa ba ne. Mai sikila, kai har mai AS ma, ya ga likita tun kafin ya sayi tikiti, don ƙarancin oksijin na iya taɓa saifa.

Inda babu wasa wuri biyu ne. Ruwa ya taru a huhu: mutum na zaune bai yi komai ba amma yana haki, yana tari, ƙirji na ƙara, wani lokaci majinar da kumfa da jirwayen jini, leɓe ya yi shuɗi-shuɗi. Ko ƙwaƙwalwa ta kumbura: magana ta rikice, ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, yana tangaɗi. Ja layi a ƙasa ka ce ya bi yana ɗora diddige a gaban yatsu, in ya kasa to babu jiran gari ya waye, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000, a sa masa oksijin in akwai, kuma ko ya rantse ya ji sauƙi kar a bar shi ya sauka shi kaɗai.