Ranar da na hangi kaina daga saman ɗaki

Wata goma sha ɗaya ke nan da faɗuwata bisa moto, kuma sai yau na samu ƙarfin zama in rubuta abin da na gani, dan duk wanda na ba labarin a fada sai ya yi shiru ya dube ni kamar zafin Afirilu ya taɓa mani kai. To ni dai na san abin da ya same ni.

Ina komowa ne daga Jiratawa wajen la'asar sakaliya, akuya ta ratsa titi, na danne birki, yashin bakin kwalta ya kwashe tayar gaba. Hannun hagu ya karye har ƙashi ya huda fata. Yayana ya so a wuce da ni wurin mai ɗori amma da ya ga jinin sai ya ce a'a, wanga na likita ne. A can suka ce sai an wanke ciwon an gyara ƙashi, aka yi mani allurar barci, ina jin majo, ma'aikacin jinyar nan, shina cewa in ƙirga, na kai bakwai ko takwas.

Daga nan sai na tsinci kaina a sama. Ban ji na tashi ba, ban ji an ɗaga ni ba, kawai ina can kusa da fanka ina kallon ƙasa, ga wani mutum kwance riga a yage, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, sai da aka jima kana na gane ni ne. Ina ganin tsakiyar kan likitan da koren hularshi, ina ganin wata 'yar tasa ta ƙarfe da auduga ja-jawur a ciki. Wallahi babu tsoro ko kaɗan. Ba ciwo. Kuma abin da har yau shi ke sa ni hawaye in na tuna, babu jiya babu gobe a wurin, ban tuna da shago ba, ban tuna da jikka ɗari biyu da ake bi na ba wanda ya hana ni barci tun kafin azumi, ban ma tuna da sunana ba, kallo kawai ni ke kuma kallon ya ishe ni. Ban san minti nawa aka yi ba. Na farka da amai da kukan Inna a bakin ƙofa.

Inna da ta ji labari sai ta ce iskokin hanya ne, a nemo rubutu. Ban yi mata gardama ba, na sha. Amma mu nan Maradi mun san bori, ko ba ka zuwa ka taɓa jin garaya da dare, kuma abin da su da kansu ke faɗi shi ne in iska ya hau doki, dokin ba ya tuna komai in ya sauka. Ni kuwa komai na nan a kaina daram har kalar audugar. Ba kuma dannau ba ne, shi na san shi tun ina yaro, ka farka jiki ya ƙi motsi kamar an aza maka buhun hatsi a ƙirji, tsoro kamar ya kashe ka. Wanga babu nauyi cikinshi sam.

Kawu, wanda ya karantar da mu allo, shi ya fi kwantar mani da hankali. Ya saurare ni har na ƙare bai katse ni ba, sannan ya karanta mani aya ta 42 cikin suratu Zumar, inda Allah ya ce shi ke karɓar rayuka lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu. Ya ƙara da ta 85 cikin Isra'i, wadda ta ce ruhi na daga al'amarin Ubangiji kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Ya ce "ɗana, ka gode ma Allah, amma kada ka je kana ce ma mutane an yi maka karama." Na riƙe wannan.

Ranar da na koma wankin ciwo na tambayi majo mi suka yi mani. Ya ce ketamin, kuma ba ni ne na farko da ya tashi da irin wanga zance ba. Maganin tsoho ne, tun 1962 aka haɗa shi, ana son shi a asibitoci irin namu dan ba ya danne numfashi kamar sauran kuma ba ya kada hawan jini, amma an san shi da raba mutum da jikinshi haka. Gaskiya na ji wani iri da ya faɗa, kamar an ƙwace mani abu mai tsada an ce na roba ne.

Wata biyu ina zaune gida hannu a rataye, sai na dinga bincike a intanet da ɗan faransancina. Na samu labarin wani likitan ƙwaƙwalwa Olaf Blanke a Jeneba ta ƙasar Suwis, a 2002 suna duba wata mata 'yar shekara 43 mai farfaɗiya, sun sa mata 'yan wayoyi a ƙwaƙwalwa dan su gano inda ciwon ke tasowa. Da suka tura wuta kaɗan a wani wuri gefen dama, sama da kunne ta baya, sai ta ce tana ji kamar tana nutsewa cikin gado, da suka ƙara wutar sai ta ce ga ta a sama tana kallon kanta kwance, ƙafafu da ƙasan jikinta kawai ta ke gani. A kashe wuta ta dawo, a kunna ta koma. Ashe wurin nan shi ke haɗa abin da ido ya gani da abin da fata ta ji da ma'aunin da ke cikin kunne, ya ce maka kai kana nan cikin wanga jiki. In lissafin ya rikice sai ka ji kana wani wuri.

Akwai kuma wani likita Sam Parnia, shi da abokan aikinshi suka bi mutum 2060 da zuciyarsu ta tsaya a asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya, suka fitar da sakamako a 2014. Dabararsu ta burge ni, sun aza hotuna bisa kantoci can sama inda sai wanda ke kusa da rufi zai gani. Ba wanda ya dawo ya faɗi hoton. Mutum biyu sun ce sun ga abin da ake yi masu, amma a ɗakunan da ba a sa kantocin ba. Na zauna na binciki kaina da wannan, mi na gani wanda ban iya gani ba tun ina kwance kafin allura? Hular na gan ta, tasar na gan ta, takalmin na san ya fita. Dole in faɗi gaskiya, ba ni da shaida ko ɗaya. Na yarda da likitocin kan yadda abin ke tasowa. Sai dai duk karatun da na yi bai gaya mani ko wane ne ke kallon ba, kuma nan ni ke komawa ga ayar Kawu.

Abin da ya fi canza ni ma ba a asibiti ya faru ba. Ranar da na fara komawa masallacin unguwa, sallar la'asar, liman ya sallame sai na ga ban san ko raka'a ɗaya ba, tun kabbarar farko ina babbar kasuwa ina lissafin kaya, na je Katsina na komo, na yi faɗa da mai bashi na ba shi amsa. Jikina na sahu, ni ba ni nan. Sai gabana ya faɗi, dan shekara nawa ni ke haka? Wasu masu bincike a jami'ar Harbad sun auna wanga abu a 2010, mutum 2250 ana tambayarsu ta waya mi ku ke yi yanzu, ina hankalinku, sai aka samu kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankali na wani wuri daban, kuma a lokutan nan ne mutane suka fi cewa ba su jin daɗi. Ni ina ganin nawa ya wuce rabi nesa.

Wasu matasa sun fara tambayata sunan allurar, ina roƙonku dan Allah ku bari, magani ne na ɗakin tiyata kuma masu shan shi a waje shina lalata masu mafitsara da hankali.

Yanzu daga alwala ni ke farawa. In na zuba ruwa daga buta sai in tsaya in ji sanyinshi bisa tabon nan na hannu, wurin har yau fatar ba ta ji sosai, rabi na ji rabi ba ya ji, kuma wannan ɗan bambancin shi ke jawo ni in dawo. Hankalin na gudu, in kamo shi, ya sake gudu, wani lokaci Fatiha ɗaya kawai ni ke samu cikakka a salla guda. A fada kuma na daina riƙe waya in ana zuba shayi na farko.

Jiya da dare kuran ya ɗauke, muka fito tsakar gida da tabarma, ƙaramar 'yata ta kwanta bisa cinyata tana ba ni labarin wata ƙawarta da ta ɓatar da alli a lakwal, labarin ba kai ba gindi, ta yi ta maimaita wuri guda. Na ji shi duka har ta yi barci, yatsanta na bisa tabon.