Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙe Ni

Alhamdulillahi. Daren jiya na yi barci tun bayan isha'i har kiran assalatu, ban farka a firgice ba ko sau ɗaya. Rabona da irin wannan barci tun kafin azumi. Shi ya sa na ce yau sai na zauna na yi godiya, duk da jikin bai gama dawowa ba.

Kun san abin da muka gani mu ma'aikatan jinya tun da korona ta shigo Sakkwato a watan Afrilun 2020, ba sai na maimaita ba. Dare ɗaya kawai nake so in faɗa.

Cikin goman tsakiya na azumi ne, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, dare ma iskar kamar daga bakin murhu. Akwai wani dattijo da ake shirin mayarwa cibiyar killace masu cutar da ke Amanawa idan gari ya waye, sai Allah Ya karɓi abinSa kafin sahur. Ni ce a kansa. 'Ya'yansa suna bakin ƙofa, ba damar su shigo, ni na laƙƙana masa kalmar shahada ta cikin takunkumi, ban ma san ko ya ji ni ba. Da na fito na tuɓe rigar kariya, na juye takalmin roba, gumi ya zubo kamar an tuntsurar da buta. Na zagaya bayan ɗakin na zauna a ƙasa kusa da janareta. Ledar ruwa na hannuna, amma hannun na rawa, na kasa ko kai ta baki.

Nan Inna mai shara ta same ni. Ta roƙe ni kada in ambace ta, to ban faɗi suna ba, amma duk wanda ke aiki tare da mu ya san wadda nake nufi. Dokar ba da tazara ta hana ta taɓa ni, sai ta zauna can nesa kaɗan, ta turo mini kwanon furarta da sandar tsintsiya. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi, "Yi kukanki ɗiyata, ni ma ɗazu na yi nawa." Na yi ta kuka har aka kusa kiran sallah, tana zaune ba ta motsa ba. Wallahi wannan furar ita ce sahur ɗina, nata kuma ban san da me ta yi ba. Inna, Allah Ya shayar da ke daga Alkausara, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa 'ya'yanki su jiƙan ki fiye da yadda kika jiƙai na.

Ita ce kuma ta je ta faɗa wa shugabarmu ta jinya. Da farko na ji haushi, don a garin nan da an ce zuciyar mutum ta taɓu, abin da ke biyo baya shi ne "sai Kware", wato asibitin masu taɓin hankali da ke garin Kware, kuma ina tsoron a ɗora mini wannan suna. Amma Hajiya ta sauke ni daga aikin dare, ta haɗa ni ta waya da wani likitan ƙwaƙwalwa. Shi ya fahimtar da ni cewa rashin barci, da faɗuwar gaba, da ganin fuskar mamaci a mafarki, abubuwa ne da ke samun wanda ya daɗe cikin tashin hankali, kuma suna da magani. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Wannan magana ta biyun ce ta sauke mini dutse daga ƙirji. Likita, Hajiya, Allah Ya saka muku da Aljanna Firdausi.

Maigidana, kwana 14 da aka killace ni kai ka riƙe yara, har kitso ka kai su. Ƙanwata da ke ajiye mini tuwo a bakin ƙofa ta koma nesa ta tsaya har in ɗauka. Abokan aikina da muka ɗauki al'adar zama minti goma bayan an tashi, kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai kafin ya tafi gida. Allah Ya bar zumunci, Ya tsare ku da iyalanku, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Akwai 'yan'uwa na jini da suka hana 'ya'yansu taka gidanmu. Wannan na fahimta, tsoro halak ne. Amma waya ba ta ɗaukar cuta, kuma ranar Ƙaramar Sallah yarana sun yi ta tambaya ko Gwaggo ta kira. Na yafe.

Ranar Litinin zan koma aiki, da safe, in sha Allahu. Ku ci gaba da sa mu a addu'a, har da masu shara da masu gadi.